Istanbul a Bakin Fensir

Abu biyu na fara nema da na sauka a Istanbul: katin shiga mota da wurin zama. Katin bai ba ni wahala ba. Istanbulkart suke ce masa, ana cirarsa a na'ura a manyan tashoshi, kuma shi ɗaya ya ishe ka hawa bas, da jirgin ƙarƙashin ƙasa, da taragon da ke ratsa tsohon gari, da jirgin fito. Wurin zaman ne ya ja lokaci. Ɗakin kwana kam na kama shi tun kafin in taso, wani ɗan ɗaki a saman bene a unguwar Uskudar, ɓangaren Asiya, tagarsa na kallon bayan wani gida da igiyoyin shanya. Abin da nake nema shi ne inda zan zauna in buɗe littafin zane ba tare da na tare wa kowa hanya ba, a garin da mutum fiye da miliyan 15 ke kai-komo, kowa da inda yake sauri ya isa.

Kayan aikina duka aljihun jaka ɗaya suke shiga. Littafi mai kaurin takarda, fensir, alƙalami mai tawadar da ruwa ba ya wanke ta, ɗan akwatin launin ruwa, da buroshi mai ruwansa a ciki. Sai 'yan matsen ƙarfe guda biyu na riƙe takarda, waɗanda na ɗauko a kan ko za su yi amfani, suka zamo su ne na fi taɓawa. Iskar bakin ruwan nan ba ta barin shafi ya kwanta.

Shafin farko taswira na yi masa. Na sa ɗigo na rubuta "ɗaki", na ja layi mai gangarawa zuwa tashar jirgin ruwa, shi ke nan. Kullum na dawo da daddare sai in ƙara abin da ƙafata ta gano: matakalar da ke yanke hanya, lungun da ba ya ɓullewa, wani tsohon famfo na dutse da ya daɗe da ƙafewa, shagon mai aski, kwanar da maguna ke taruwa. Taswirar waya ta fi tawa daidai nesa ba kusa ba, amma ba ta san titin da ke sa gwiwa ciwo ba. Garin tudu da gangare ne. A waya sai ka ga tituna biyu dab da juna, ka je ka tarar ɗaya yana saman ɗaya da tsawon gini guda, sai ka yi zagaye. An ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, to ni wannan shafin ne sandata.

Wurin zama na farko da na samu a kan ruwa yake tafiya. Daga Uskudar zuwa Eminonu, bakin tsohon gari a ɓangaren Turai, jirgin fito ba ya wuce minti 20. Tun 2013 akwai jirgin ƙasa na Marmaray da ke bi ta ƙarƙashin ruwan ya tsallakar da kai cikin 'yan mintuna, sai dai a cikinsa ba abin da za ka gani sai fuskarka a gilashi. Jirgin fiton kuwa yana da benci a waje, a jikin gefensa, inda za ka jingina bayanka ka ɗora littafi a cinya. Ana barin gaɓa Hasumiyar Budurwa za ta bayyana ta hagu, ɗan gini a kan dutse a tsakiyar ruwa. Gaba kuma tsinin tsohon gari ne: fadar Topkapi a cikin bishiyoyi, bayanta Aya Sofiya, bayanta masallacin Sultan Ahmad da hasumiyoyinsa shida.

Matsalar ita ce ba sa tsayawa. Ka sunkuya ka ja layi, kafin ka ɗago wata hasumiyar ta shige bayan 'yar'uwarta, shida sun koma biyar, tazarar da ka auna ta tsuke. Wani lokaci ma ana cikin haka sai wani ƙaton jirgin dakon kaya ya gitta ya rufe komai, domin ruwan nan, mashigin Bosforus, hanya ce ta jiragen da ke fitowa daga Bahar Aswad zuwa tekun Marmara, tsawonsa wajen kilomita 30, kuma a inda ya fi matsewa faɗinsa bai wuce mita 700 da 'yan kai ba. Ba yadda za ka yi sai ka jira ya wuce, ga shi kuwa ba sauri yake ba.

Dabarar da ta fisshe ni mai sauƙi ce. Jirgin fito kusan hanya ɗaya yake bi kullum, don haka abin da na gani jiya a daidai wani wuri shi zan gani yau in mun sake kawowa wurin. Sai na yi wa kaina alama: da mun daidaita da Hasumiyar Budurwa sai in ɗago, in yi abin da zan iya cikin minti ɗaya ko biyu, in rufe littafi. Yau layin saman gari kawai, daga hagu zuwa dama, ba tare da na ɗaga alƙalami ba. Gobe hasumiyoyi. Jibi duhun bishiyoyin da ke ƙarƙashin fadar. Shafi ɗaya ya ci tsallake da yawa kafin ya cika. Kuma saboda ina son haske iri ɗaya, sai na riƙa hawa jirgin sa'a ɗaya kowace safiya, ni da masu zuwa aiki. Nan na fara gane fuskoki. Akwai wani mai baƙar jaka da ke barci tun kafin a kwance igiya, ya farka daidai lokacin da jirgi ya daki gaɓa. Akwai wata dattijuwa da ke zama ƙarshen bencina. Da farko ko kallona ba ta yi, daga baya ta fara janye jakarta in ta hango ni. Ba mu taɓa yin magana ba, amma ranar da na makara na hau na baya, sai da na ji kamar na saɓa wa wani alkawari.

Wannan layin saman gari ya daɗe yana wahalar da masu zane. A 1559 wani ɗan ƙasar Denmak, Melchior Lorck, wanda ya zo cikin tawagar jakadanci zamanin Sultan Sulaiman, ya zauna a ɓangaren Galata, unguwar da ke fuskantar tsohon gari ta tsallaken ruwa, ya zana birnin daga wannan ƙarshe zuwa wancan a kan takardun da aka haɗa, tsawonsu ya haura mita 11. Zanen yana ɗakin karatu na jami'ar Laidin a ƙasar Holan. Shi ma ba daga wuri ɗaya ya yi shi ba, matsawa ya riƙa yi yana haɗawa. Abin da ya fi burge ni shi ne ya saka kansa a ciki, yana zane, ga wani mai rawani a gefensa. Ashe tun wancan zamanin mai zane a garin nan ba ya rasa ɗan kallo.

Daga Eminonu hawa ake yi zuwa masallacin Sulaimaniyya, ta cikin lungunan 'yan kasuwa, kana kauce wa masu turin kaya. Mimar Sinan ne ya gina shi wa Sultan Sulaiman tsakanin 1550 da 1557. Na samu gindin wata katanga a cikin lambun da ke kewaye da shi na zauna. A irin wannan gini ido maƙaryaci ne, dole sai da awo. Ka miƙe hannu sosai, ka rufe ido ɗaya, ka riƙe fensir a tsaye, ka sa babban yatsa a inda faɗin ƙubba ya ƙare. Wannan ɗan tsawon shi ne ma'auninka: hasumiya ninki nawa ce, bango ninki nawa ne. Gwiwar hannu kada ta lanƙwashe, in ta lanƙwashe awo ya ɓaci. Sannan ka nemi layin da ke daidai da tsayin idonka ka ja shi a hankali da fensir, domin duk wani layi da ke samansa gangarowa yake yi in ya yi nisa, na ƙasansa kuma hawa.

Hannu yana son ya yi ƙubba rabin da'ira ya huta. Amma daga ƙasa kake kallonta, tsayinta mita 53, saboda haka gindinta ma lanƙwasa yake, tagogin da ke kewaye da shi suna tsukewa yayin da suke juyawa gefe. Ina cikin bin waɗannan lanƙwasoshi ɗaya bayan ɗaya na fahimci abin da da ido kawai na ɗauka ado ne. Babbar ƙubba tana tura nauyinta waje, rabin ƙubba ya tare ta gaba da baya, ƙananan suka tare rabin, ginshiƙai masu kauri suka karɓa suka sauke ƙasa. Ko ɗaya ka manta a takarda, zanen da kansa zai nuna maka yana shirin faɗuwa. Wanda ya ɗauki hoto ya wuce ba zai taɓa jin wannan nauyin a hannunsa ba.

Wani yaro ɗan makaranta ya daɗe tsaye a bayana, ina jin numfashinsa. Da na gama hasumiyoyi huɗu sai ya matso ya ce, "Abi," wato yaya da Turkanci, ya sa yatsa a kan takarda yana ƙirga barandojin da aka yi domin ladanai. Uku, uku, biyu, biyu. Ya samu goma cif, ya gyaɗa kai irin na malamin da ɗalibinsa ya ci jarrabawa. Sannan ya ware yatsunsa goma ya ce "Sulaiman", ya sake warewa. Nufinsa Sulaiman ne sarki na goma a gidan Usmaniyya na Turkawa, kuma haka mutanen garin ke fassara adadin. Ya ja hannun rigata ya nuna mini wata kusurwa a wajen katanga, inda kabarin Sinan yake, ɗan wuri ƙarami da za ka iya wucewa ba ka lura ba. Maginin ya rasu a 1588.

Ta bayan masallacin akwai dandamali mai kallon ruwan Halich, reshen tekun da ya raba tsohon gari da Galata. Daga nan rufin tsofaffin makarantun da ke cikin ginin ke gangarawa, ƙananan ƙubbobi masu ruwan toka a jere kamar ƙoren da aka kife bayan wanke-wanke, kowace da bututun hayaƙinta. A nan na koyi fara sa inuwa kafin komai. Rana na matsawa digiri 15 a kowace awa, zanen da ya ɗauki awa biyu kuwa zai ƙare da inuwar safe a hagu, ta hantsi a dama. Don haka da na zauna sai in shata iyakar inuwa da fensir, in rubuta lokaci a gefe, duk abin da rana ta yi bayan nan ba ruwana.

Aya Sofiya kuwa, ra'ayina zan faɗa: ta waje ba ta kai masallacin Sultan Ahmad da ke fuskantarta kyau ba, amma ta fi shi daɗin zane sau goma. Shi na Sultan Ahmad, da aka fara a 1609, komai nasa a tsare yake, ka zana rabi ka san ɗaya rabin. Ita kuwa tun 537 take tsaye, zamanin Sarki Justiniyan, aka gina ta a matsayin coci. Ƙubbarta ta farko ta rufta a 558 aka sake ta, aka yi ta ƙara mata tokare ƙarni bayan ƙarni. Ta zama masallaci a 1453, aka mayar da ita gidan tarihi a shekarun 1930, ta koma masallaci a 2020. Hasumiyoyinta huɗu ba iri ɗaya ba ne, ɗaya ma da jan bulo aka yi ta. Ba inda za ka yi hasashe, kowane lungu sai ka duba. Jikinta kuma ba ja ba ne, ba ruwan hoda ba ne, wani launi ne da ya koɗe, na ɓata kusan shafi guda ina haɗa shi a gefe.

Mutane sun fi gine-gine wuya, shi ya sa na yi ta komawa gadar Galata. Gadar da ke nan yanzu ta 1994 ce, hawa biyu, kuma saman nata masu fatsa ne a jere tun asuba, kafaɗa da kafaɗa, kowa da bokitinsa. Mai zane ba zai samu waɗanda suka fi su ba: mutum zai tsaya jingine da ƙarfen gada ya yi minti goma bai motsa ba. Sandunan fatsarsu kuma suna ba shafi layuka masu karkata da ke kai ido can sama zuwa hasumiyar Galata, wadda mutanen Jenowa suka gina a 1348. Masu wucewa kuwa haɗe-haɗe nake musu. Ƙafafun wannan, rigar wancan, jakar wata, duk a jikin mutum ɗaya da bai taɓa rayuwa ba. Fuska ba na zana ta sai mai ita ya yarda. In na ɗaga littafi na nuna wa mutum ya kaɗa kai, sai in juya wani wajen. Yawanci dai gyara tsayuwa suke yi, su tsuke ciki, wanda hakan ke ɓata ainihin abin da ya ja hankalina.

Akwai masu irin wannan zane a birane da yawa na duniya, har da ƙungiyarsu, Urban Sketchers, wadda wani ɗan jarida mai zane, Gabriel Campanario, ya fara a birnin Siyatil na Amurka a 2007. Babbar ƙa'idarsu ita ce ka zana abin da ke gabanka kana wurin, ba daga hoto ba. Na yarda da su a kan layi. A kan launi kuwa ina da ja. Iskar teku da laima ba sa barin takarda ta bushe da wuri, ka sa shuɗi, ka jira, ka gaji, ka sa ruwan ƙasa kusa da shi su cakuɗe su zama taɓo. Ni dai ba na jin kunyar rubuta "toka mai ɗan shuɗi" da fensir in ƙarasa a ɗaki da daddare.

Babban gari yana gajiyar da mutum ta hanyar da ba ya lura. Akwai safiyar da na tashi na ji ko sunan wani wurin tarihi ba na son ji. Ƙafa ta yi tsami, kunne ya cika da ƙara, ido ya ƙoshi. Ban tsallaka ruwa ba ranar, ban kuma tsallaka washegari ba. Na sauka bakin gaɓar unguwarmu, inda masallacin Shamsi Pasha yake, shi ma aikin Sinan ne na wajen 1580, ɗan ƙarami har igiyar ruwa na fantsamo wa katangarsa. Bayan ƙattin da na sha fama da su, wannan cikin rabin awa ya shiga shafi, da sauran wuri na jiragen da ke wucewa. Daga nan na koma zanen abubuwan da ba mai sayar da hotonsu: mitar wuta a jikin bango, tukwanen furanni a matakala, wani gidan katako da ya karkata ya jingina da maƙwabcinsa, mage a kan kujerar babur.

Waɗannan shafukan su ne suka sa 'yan unguwa suka san da ni. Wanda ya zana Aya Sofiya baƙo ne, irinsa dubu sun zo sun tafi. Wanda ya zauna yana zana mitar wutar gidanka kuwa, dole ka fito ka ji ko lafiya. Mai askin da ke cikin taswirata, wani dattijo mai furfura a gashin baki, shi ya fara fitowa. Ya duba littafi, ya duba bango, ya sake duba littafi, ya koma ciki ba tare da ya ce uffan ba. Can sai ga shi da 'yar kujera mara jingina, ya ajiye a bakin shagonsa ya nuna mini. Tun daga ranar kujerar ta zama tawa. In na fito da safe yana shara sai ya ɗaga tsintsiya, in na dawo da yamma ya miƙo hannu a ba shi littafi ya duba aikin yau. Yana da ra'ayi a kan komai. Sulaimaniyya ya sumbaci yatsunsa. Masu fatsa ya yi dariya ya kira wanda yake yi wa aski, da kumfa a fuska, ya zo ya gani. A bakin shagon nan ne wasu baƙi masu jan akwati suka tsaya suka tambaye ni hanyar tashar jirgin ruwa. Na buɗe shafin farko na nuna musu matakalar da ke yanke hanya, na gargaɗe su da lungun da ba ya ɓullewa.

Da tafiyata ta matso, na zauna a tsallaken titi na zana shagon nasa da kyau: ƙofar gilashi, tawul ɗin da ke shanye a kan kujera, allon suna, da farar magen da kullum ke kwance a dokin ƙofa. Na yanke shafin a hankali da reza na kai masa. Ya goge hannu, ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo. Sai ya kira wani saurayi daga shagon waya na kusa, mai ɗan jin Turanci, ya yi masa bayani mai tsawo yana nuna takarda.

Saurayin ya ce, "Wai ya gode ƙwarai. Amma ya ce magen ta fi allon sunansa girma, kuma ba tasa ba ce, ko sisi ba ta biya a kuɗin haya."

Na ce, "Gaya wa Baffa haka na gan ta."

Dattijon ya saurara, ya kaɗa kai, ya zaro biro daga aljihun gaban rigarsa, ya ɗora takardar a kan gilashin ƙofa, ya rubuta lambar wayar shagon da manyan baƙaƙe a ƙarƙashin allon, daidai kan wutsiyar magen. Sannan ya aiki saurayin ya nemo abin liƙawa.